Tsirran Amazon da Batun Wanda Ake Lissafawa Masani

Daga cikin tambayoyin da masana falsafar ilimi suka daɗe suna tattaunawa akwai batun wanda ya cancanci a kira shi masani, wato ko sani yana tabbata ne da zarar mutum ya gane haƙiƙanin abu kuma ya iya aiki da shi, ko kuwa sai an rubuta shi an jingina shi ga sunan wani. Tarihin tsirran dazukan Amazon ya fito da wannan tambaya fili.

Misali mafi bayyana shi ne kurare, dafin da maharban yankin suke shafawa a tsinin kibiya, wanda suke samu ta hanyar kankare ɓawon wasu itatuwa masu naɗo, irin su Chondrodendron tomentosum, su dafa shi har ya yi kauri. Maharban sun san cewa dafin yana shanye jikin dabba idan ya shiga ta rauni, sun kuma san cewa naman ba ya cutar da mai ci, kuma ba a kaiwa ga irin wannan rarrabewa tsakanin abin da ya shiga jini da abin da ya bi ta ciki sai da lura da gwaji na zuriya bayan zuriya. A tsakiyar ƙarni na 19 Claude Bernard na Faransa ya nuna cewa kurare yana katse saƙo ne a mahaɗar jijiya da tsoka, sannan a 1942 Harold Griffith da Enid Johnson suka yi amfani da shi a Montreal ta Kanada domin sassauta tsokar majinyaci yayin tiyata. Littattafan likitanci sun adana waɗannan sunaye, kuma sun cancanta, amma waɗanda suka fara gano dafin a dunƙule ake ambaton su, kamar tuntuɓe suka yi da shi.

Rashin adalcin ya fi tsanani a shari'ar ayawaska, abin shan da al'ummomin Amazon suke haɗawa da itacen Banisteriopsis caapi domin warkarwa da ibadunsu. A 1986 hukumar rajistar ƙirƙira ta Amurka ta ba Loren Miller takardar mallakar wani nau'in itacen, sai ƙungiyar COICA, wadda ta haɗa ƙabilun yankin, ta ƙalubalanci takardar a 1999 har aka soke ta. Sai dai hujjar da ta yi aiki ita ce busassun samfuran itacen da bayanansu da ke ajiye a ɗakunan adana tsirrai na Amurka, domin dokar lokacin ba ta karɓar amfani da abu a ƙasar waje a matsayin shaida muddin ba a rubuce yake ba. An ma dawo da takardar a 2001, ta ci gaba da aiki har wa'adinta ya cika a 2003.

Wanda ya karanci ilimin hadisi zai ga raunin wannan ma'auni, domin malamai sun ɗauki tawaturi, wato labarin da jama'a masu yawa suka ruwaito daga jama'a masu yawa ta yadda haɗuwarsu a kan ƙarya ba za ta yiwu ba, a matsayin hanya mafi ƙarfi ta samun yaƙini. Tawaturi ba ya tabbatar da cewa kowane saiwa ko ganye yana warkarwa, wannan aikin gwaji ne, amma yana tabbatar da cewa al'umma ta riga ta san abin tun kafin baƙo ya iso.

Ba mai hankalin da zai so a hana majinyata amfanin kurare, musamman ganin cewa ɓoye ilimi mai amfani abin zargi ne a Musulunci. Abin nema shi ne a ba masu ilimin haƙƙinsu, shi ya sa Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta wajabta neman izinin al'umma kafin amfani da iliminta da raba riba da ita, kuma a 2024 hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, WIPO, ta amince da yarjejeniyar da ke tilasta wa mai neman takardar mallaka ya bayyana al'ummar da ya samo ilimin daga gare ta, ko da yake ba ta shafi takardun da aka nema kafin ta fara aiki ba.