Koyar Da Ɗinki A Makarantun Sakandare: Farilla Ce Ko Cike Gurbi?

Da sunan Allah Mai Rahama Mai Jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a cikin shekarar 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayyar Nijeriya ta ba da sanarwar sabuwar manhaja, wadda a cikinta aka zaɓi sana'o'i shida da ɗaliban sakandare za su riƙa ɗaukar ɗaya daga ciki. Ɗinki da zayyanar tufafi yana cikin shidan nan. Wannan kuwa ba shi ne karo na farko ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ita ce ta haifi tsarin nan na 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi a 1982, kuma babban burinsa shi ne yaro ya fita makaranta da sana'a a hannunsa. A 2011 kuma aka shigar da sana'o'i 34 cikin manhajar babbar sakandare, har da ɗinki da rini da aikin fata. Watau sau uku ke nan cikin ƙasa da shekara hamsin hukuma tana miƙa wa ɗalibi allura, amma har yanzu akwai uban da zai ɓata fuska in ɗansa ya ce ita ya zaɓa. To, wane ne da gaskiya, hukuma ko uban yaro?

Ya kamata a yi wa uban nan adalci a saurari hujjarsa. Cewa yake yi ya biya kuɗin makaranta ne domin ɗansa ya zama likita ko injiniya ko alƙali. In ɗinki ne, ai ga shagon tela nan a bakin layi, inda za a koya wa yaro ba tare da littafi ko jarrabawa ba. Ya kuma lura cewa a waɗansu makarantu yaran da aka yanke wa ƙauna a lissafi da kimiyya su ake turawa ajin sana'a, har ajin ya zama kamar wurin ajiye waɗanda suka gaza. Wanda ya ga haka ba za a zarge shi ba in ya ɗauka cewa ɗinki ba ilmi ba ne, cike gurbi ne kawai a cikin jadawalin darussa.

Sai dai malaman Musulunci sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan mas'ala. Sun kasa ilmin da ya wajaba kashi biyu: farillar da ke kan kowane mutum shi kaɗai, kamar sanin tsarki da salla, da kuma farillar kifaya, wadda in waɗansu suka tsaya da ita ta faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya bar ta to dukan al'umma sun yi laifi. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, watau 1111 Miladiyya, da ya zo lissafa farillan kifaya a cikin Ihya'u Ulumid Dini bai tsaya kan likitanci da lissafi ba, sai da ya haɗa da noma da saƙa da ɗinki. Dalilin haka a fili yake. Suturce al'aura sharaɗi ne a cikin salla, abin da kuwa wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Ɗan Adam tun daga zanen da aka goya shi da shi har zuwa likkafanin da za a naɗe shi a ciki, bai taɓa fita daga hannun masaƙi da maɗinki ba. Ibn Haldun shi ma ya keɓe wa saƙa da ɗinki fasali guda a cikin Muƙaddimarsa, ya sa su cikin sana'o'in da zaman birni ba ya yiwuwa sai da su, ya kuma ambaci cewa mutane suna danganta asalin ɗinki ga Annabi Idrisu, amincin Allah ya tabbata a gare shi.

Wanda ke ganin allura ƙasƙanci ce, sai ya dubi magabata. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da hannunsa mai albarka. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa wani tela ya gayyaci Manzon Allah cin abinci, ya kuwa amsa gayyatar ya tafi. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi ta shahara da aikin hannu, tana jima tana ɗinkin fata, ta yi sadaka da abin da ta samu. Har ila yau aya ta 26 ta Suratul A'arafi, da ta zo ƙidaya ni'imar tufafi, ta ambaci amfani biyu, rufe tsiraici da kuma ado, sa'an nan ta fifita tufar taƙawa a kan duka. Ashe ke nan wanda ya zauna yana tunanin yadda riga za ta yi kyau a jikin mai ita, ba wasa yake yi ba, yana hidima ne ga ɗaya daga cikin ni'imomin da Allah Ya ambata da kansa.

Tarihin ƙasar Hausa ma shaida ne. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da birni mai rayuwa a kan kaɗi da saƙa da rini da ɗinki. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Gat da Murzuk da Tarabulus da Tambutu. Baƙin yadin Kura shi ne rawanin Buzaye, marinar Ƙofar Mata kuwa tana nan har gobe ga mai son gani. A Zariya da Kano malamai da almajirai da yawa da ɗinkin hula da aikin wuyan riga suka riƙe kansu, allo a gefe guda, aska biyu ko aska takwas a kan cinya, ba wanda ya ce karatunsu ya ragu saboda haka. A zamanin Sardauna aka buɗe masaƙar farko ta Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya, dubban magidanta suka sami abin yi. Waccan masaƙa ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL kuma ta tsaya da aiki a 2007. Yau mai shiga Kantin Kwari zai ga yawancin atamfa da shadda da leshi daga ƙetare suke zuwa. Hausawa kuwa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Al'ummar da ta taɓa suturta Sahara, in ta wayi gari tana jiran jirgin ruwa kafin ta yi ɗinkin Salla, lalle akwai farillar da ta yi sakaci da ita.

Zuwa nan hujja tana hannun hukuma. Amma akwai abin da ya rage, wanda shi ne ya sa tuhumar uban yaro ba ta faɗi gaba ɗaya ba. Farillar kifaya ba ta sauka daga wuyan al'umma domin an rubuta sunanta a manhaja. Sallar jana'iza ba ta faɗuwa domin an yi shelarta, sai an sami waɗanda suka tsaya suka sallata. Haka nan ɗinki, ba ya faɗuwa sai an sami yaro ko yarinya da za a miƙa wa yadi biyar su mayar da shi riga. Makarantar da malami zai zana keken ɗinki a kan allo, ɗalibai su kwafi sunayen sassansa su haddace, su ci jarrabawa ba su taɓa zura zare a allura ba, ba ta koyar da ɗinki ba, ta koyar da labarin ɗinki ne. Takardar shaidar da za ta bayar kuwa shaidar zur ce, ko da hatimi ya hau kanta. Abin da ya sami kayan aikin da aka sayo wa makarantu a zamanin 6-3-3-4, waɗanda da yawansu suka lalace a cikin akwatunansu domin rashin wutar lantarki da rashin masu koyarwa, ya isa wa'azi.

Kuma kuskure ne babba a ce ɗinki na daƙiƙai ne. Mai yanka riga yana aiki da awo da kaso da kusurwa, yana lissafin abin da kalmasa za ta ci da abin da yadi zai ja in ya sha ruwa. Dole ya san bambancin auduga da siliki da zaren roba, wane ne ke jure dutsen guga, wane ne ke karɓar baba. Mai rubutu in ya yi kuskure sai ya goge, amma abin da almakashi ya raba ba ya komawa yadda yake. Saboda haka yaron da ya koyi auna sau biyu kafin ya yanka, ya koyi natsuwar da zai amfana da ita ko da daga baya likita ya zama. Ba a ce kowa ya zama tela ba, ai shi ya sa aka kira ta kifaya. Abin da ake cewa shi ne kada a hana mai basira shigarta, kada kuma a mayar da ita horon wanda ya kasa.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne amana. Duk wanda ya karanta Ahalari ya san cewa bai halatta ga baligi ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. To, ɗinki yana da hukunce-hukuncensa, kuma a nan ne makaranta za ta iya ba da abin da shagon bakin layi sau da yawa ba ya bayarwa. Na farko alkawari. Kowa ya san abin da ke faruwa a goman ƙarshe na azumi, tela ya karɓi ɗinkin da ya san ba zai gama ba, ya ce gobe, ya ce jibi, har daren Salla yara su kwana suna kuka. Saɓa alkawari kuwa yana cikin alamomi uku na munafunci da hadisi ya lissafa. Na biyu ƙyalle. Abin da ya ragu na yadi na mai yadi ne, sai in ya yafe, ko kuwa ɗan guntu ne wanda al'ada ta san ba a neman irinsa. Wanda ya ce a sayo yadi shida alhali ya san biyar sun isa, domin ya fitar wa ɗansa 'yar shara, ya ci haram. Na uku lamuni. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, masu sana'a suna lamunce kayan da suka tafi da su wurin aikinsu, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Tela ko marini da ya ɓatar da shaddar mutum ba zai ce ƙaddara ce ya kaɗe rigarsa ba. Ɗalibin da ya ji waɗannan tun yana shekara goma sha biyar, da wuya ya manta da su yana ɗan arba'in, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saura tsoron da ke zukatan waɗansu mutanen kirki, cewa abin da ake kira zayyanar tufafi ƙofa ce ta yayin tsiraici, ɗinkin da mai shi ta sa tufa amma kamar ba ta sa ba. Tsoron yana da tushe, kuma tela ba zai wanke hannunsa da cewa shi abin da aka ce ya yi ya yi ba. Imam Gazali ya kawo misalin maɗinkin da ke ɗinka wa maza rigar alharini, ya ce aikin saɓo ne, ladansa kuma haram ne. Amma malamai sun bambanta tsakanin abin da ba shi da wata fuska sai ta haram da abin da ke karɓar fuska biyu. Rigar da mace za ta sa a ɗakinta domin mijinta halal ce, ita ɗin dai in ta fita da ita kasuwa ta zama laifi. Maɗinki yana aiki da abin da ya sani ko ya rinjaya a zatonsa, ba a ɗora masa binciken zukata ba. Wannan rarrabewa kanta ilmi ce da ake koya. In masu tsoron Allah suka janye 'ya'yansu daga wannan fage, ɗinki ba zai tsaya ba, sai dai ya koma hannun wanda bai damu ba, shi ne kuma zai yanke wa 'yan matan gari abin da za su sa. Hanyar da ta fi ita ce a yawaita waɗanda suka iya fitar da riga mai kyau, mai yalwa, wadda budurwa za ta so ta sa ba tare da an tilasta mata ba.

A nan ne kuma amfanin koya wa 'yan mata ya fito sarai. Ana yawan kuka da namiji baligi ya ɗora ma'auni a jikin matar da ba muharramarsa ba, amma kuka ba ya maganin abin, sai an sami mata ƙwararru da za su ɗauki awon 'yan'uwansu mata. Sa'an nan keken ɗinki yana cikin 'yan sana'o'in da mace za ta yi a tsakar gidanta. Sau nawa aka ga mijin ya rasu ko aure ya mutu, keken nan ya ciyar da marayu ya biya musu kuɗin makaranta, ya tsare uwarsu daga roƙo?

Saboda haka nauyi ya rabu a kan kowa gwargwadon matsayinsa. Hukumar da ta wajabta darasi, wajibinta ne ta kawo keke da almakashi da yadin gwaji, in kuma ba ta da malami, ta ɗauko gwanin tela daga cikin gari ta biya shi ta girmama shi. Malamin addini da ke makarantar ya shiga ajin ɗinki ya karantar da babin ijara da lamuni, kada ya tsaya kan alwala da taimama kaɗai. Uba ya je ya duba da idonsa: in ya tarar ana koyarwa da gaske ya sa wa ɗansa albarka, in ya tarar da allo da alli kawai ya nemi haƙƙinsa ta hanyar da ta dace. Ɗalibi kuwa ya sani cewa a duk rigar da aka yi salla da ita, akwai rabon wanda ya ɗinka ta da kyakkyawar niyya. Kada a raina allura domin ƙanƙantarta, ita ma ƙarfe ce.

Allah Ya albarkaci hannuwan da ke neman halal, Ya suturta bayinSa duniya da lahira, amin.