Filin Naka Ne, Iskar Fa?

Da hunturu ya kama sai ka ga mutum ya tara shara da leda a ƙofar gidansa ya cinna wuta, in an yi magana ya ce ai filinsa ne. To, filin nasa ne, amma hayaƙi ba ya tsayawa a katanga. Jariri da mai asma a maƙwabta su ke shaƙarsa. Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya ba alƙali ikon hana hayaƙin da ke cutar da maƙwabci, kamar na gidan wanka. Nijeriya ma tun 2011 ta yi doka a kan ƙone-ƙone a fili. Sai dai hukumar da ta hana ƙonawa, ba ta kuwa zo ta kwashe sharar ba, ita ma alhakin wannan jariri yana kanta.