Amanar Kunkurun Teku

Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanya ɗan Adam halifa a bayan ƙasa, dabbobi kuwa amana ce a hannunsa. A gaɓar Rantau Abang, jihar Terengganu ta Malesiya, wajen 1956 akan samu ramukan ƙwan babban kunkurun teku kimanin 10,000 a shekara. Mutane suka yi ta kwashewa suna sayarwa, har ya ƙaurace wa gaɓar. A 2022 jihar ta haramta cinikin ƙwan. A tsibirin Redang kuwa, 'yan sa kai kan kwana suna gadin ramukan har a ƙyanƙyashe.

Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin wanda aka gafarta wa domin shayar da kare. Mai gadin nan, in ya kyautata niyya, ladansa na wurin Allah. Allah Ya sa a kiyaye amana, amin.