Shin Gajiyar Mai Jinyar Iyaye Saɓo Ce?

Sankara, wato ciwon daji, ba cutar mako guda ba ce. Ɗiyar da ke jinyar mahaifiyarta a asibitin Shika takan yi watanni tana kwana bisa tabarma, tana wankin miki, tana tarar amai bayan kowace allura, har ita ma ta rame. Wani dare sai zuciya ta raya mata, "Ina ma a huta." Nan take tsoro ya kama ta, domin ta san aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana nuna wa iyaye ƙosawa, komai ƙanƙantarta.

To, abin da aka hana shi ne furuci da tsawa. Gajiya ba zaɓin bawa ba ce, kuma ba a kama shi da saƙar zuci muddin bai furta ko ya aikata ba. Shari'a kanta ta san nauyin jinya, shi ya sa Shehu Halilu, Allah Ya jiƙansa, ya lissafa ta a Muhtasar cikin uzurorin barin sallar Juma'a.

Wanda ya kamata ya tsorata shi ne wanta, da ya aiko kuɗin magani sau ɗaya ya yi shiru. Nono ɗaya suka sha, amma ƙanwar kaɗai ke jin nishin tsohuwa da asuba.