Shin Kyakkyawar Niyya Tana Wanke Mai Yaɗa Jita-jita?

A watan Agusta na shekarar 2014, 'yan makonni bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya zaga ƙasar nan ta wayar salula cikin dare ɗaya: wai duk wanda ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha, cutar ba za ta kama shi ba. Kafin hukumomin lafiya su ƙaryata zancen, an kwantar da mutane da dama a asibiti, an kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2.

Yawancin waɗanda suka tura saƙon ba mugaye ba ne. Iyaye ne da 'yan'uwa, cikinsu har da masu bi, waɗanda ƙauna da tsoro suka motsa su. To, suna da alhaki? Amsarmu ita ce i. Niyya tana rage nauyin laifi, amma ba ta mai da ƙarya gaskiya, ba ta kuwa ta da wanda ya mutu. Wanda ya miƙa wa ɗan'uwansa magani bai san abin da ke ciki ba, ya yi caca da ran wani. Doka ta tara ta hana shaidar zur, Fitowa 23:1 kuma ta haɗa har da baza labarin ƙarya.

Mu dubi Joshuwa sura 22. Isra'ilawa suka ji cewa kabilun Ra'ubainu da Gad da rabin Manassa sun gina bagade a bakin Urdun, nan da nan suka taru a Shilo da shirin yaƙi. Amma suka fara aiken Finehas da shugabanni 10 su bincika. Ashe bagaden na shaida ne, ba na tawaye ba. An gina shi da gaske, fassarar da aka yi masa ce kuskure. Haka yawancin labaran ban tsoro suke: ƙwayar gaskiya cikin buhun ƙari. Tambaya ce ta hana zubar da jinin 'yan'uwa.

Saboda haka, ƙaunatattu, kafin mu tura labari, ko mu kawo shi a matsayin roƙon addu'a, mu tambayi kanmu: wa ya faɗa? Ya gani da idonsa? Wata kafa mai aminci ta tabbatar? Idan labari ya sa jininmu ya tafasa, a nan ne ya fi kamata mu dakata. Iyaye su koya wa 'ya'yansu wannan a gida, gama magana zarar bunu ce. Ubangiji ya tsare bakinmu da yatsunmu. Amin.