Idon Da Ba Ya Mantuwa

Yau wata magana nake so mu tattauna, wadda ban taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba sai da ta faɗo a kaina. Maganar 'yar kyamarar nan ce da ake maƙalawa a saman kantuna don kama masu ɗauke-ɗauke. Shin mai kanti yana da haƙƙin sa mana ido haka? In yana da shi, to ina iyakarsa?

Ni dai a Danja aka haife ni, a nan aka yi mini aure, kuma ina 'yar sana'ata a cikin gida, atamfa da turare da man shafawa. Don haka kada wata ta zaci ban san zafin sata ba. An taɓa ɗauke mini turmin atamfa sukutum a tsakar ɗakina, ranar da mata suka cika gidan ana ɗaga kaya ana tayawa. Ribar wata guda ce ta tafi. Daren nan ban runtsa ba, ina ta jero fuskoki a zuciyata, babu wadda ban zarga ba har aminiyata. Da akwai kyamara a ɗakin, da mutum ɗaya zan riƙe a rai, sauran su huta. Shi ya sa ban ga laifin mai kantin da ya sa ta ba. Gumin goshinsa yake tsarewa, kuma rigakafi ya fi magani.

To amma saurari abin da ya same ni.

Ana saura kwana goma ƙaramar Sallah na shiga Funtuwa saro kaya. Lokacin shekarata shida da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, sai ga shi wannan karon na ga kwanaki sun wuce. Ban faɗa wa kowa ba, har maigidana. Na biya wani kemis na sayi tsinken gwajin ciki, na cusa shi can ƙasan jaka, sannan na shiga wani babban kanti irin wanda mutum ke ɗaukar kwando ya zaɓi kaya da kansa. Ina tsaye wajen mayukan shafawa wayata ta yi ƙara, na zura hannu cikin hijabi na ciro ta, na duba na mayar. Shi ke nan abin da na yi.

Na biya kuɗina, an ba ni rasit, ina dab da ƙofa sai mai gadi ya sha gabana. "Baiwar Allah, ɗan dakata, an gan ki a kyamara." Na ce, "Malam, an gan ni ina me?" Ya ce in buɗe jaka kawai. Na roƙe shi ya kira mace, ko mu koma gefe, ya ce ai mai gaskiya ba ya tsoron bincike. A nan bakin ƙofa, gaban jama'a, aka zazzage jakata a kan tebur. Ba su samu ko allurarsu ba. Amma tsinken nan ya faɗo, wani yaron kanti ya ɗaga shi yana murmushi. Cikin masu kallo kuwa har da wata matar unguwarmu.

Wallahi kafin motar Danja ta sauke ni, labari ya riga ni isa gida. Surukata ta tarye ni da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarta ba. Da asuba na yi gwajin, babu komai. Sati biyu na yi ina amsa barka a kan abin da babu shi. Su masu kanti haƙuri ɗaya suka ba ni a tsaitsaye, suka koma harkarsu.

Tun daga ranar nake tunani. Ai da ma can ana sa ido a kasuwa. Mai tumatir a kasuwar Danja yana kallon kwandunansa, mai mazarƙwaila yana ƙirga nasa. To me ya bambanta idonsu da na kyamara? Na ga abu uku. Na farko, idon ɗan kasuwa ya san mutum. Ya san 'yar gidan wane ce, ya san halinta, ido ba mudu ba amma ya san kima. Kyamara kuwa motsin hannu kawai ta gani, ba ta san waya aka ciro ko kwalbar mai aka saka ba. Na biyu, in yana kallonki kina kallonsa, akwai kunya a tsakaninku. Amma wanda ke bayan allon can a ƙuryar kanti, ko maigidan da ke kallo ta wayarsa daga wani gari, ke ba ki ganinsa. Ki gyara ɗaurin zane, ki ba yaro nono a lungu, ki ɗauki audugar mata, duk yana gani. Na uku, kuma shi ya fi tayar mini da hankali, idon mutum yana mantuwa, na kyamara ba ya yi. Har yau ban san inda hoton nan nawa yake ba, ko an goge, ko yana cikin wayar wani yaro.

Na san wata za ta ce, ai mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as, in ba ki ɗauki komai ba me zai dame ki? 'Yar uwa, ni ma da haka nake cewa. Amma ba duk abin da mace ke ɓoyewa ne laifi ba. Don me muke katange gida, muke sa labule a ƙofa, muke sallama kafin mu shiga? Kwandon cefanen mace littafin sirrin gidanta ne. Yana faɗin ko akwai mara lafiya, ko tana juna biyu, ko maigida ya samu a wannan watan ko bai samu ba. Addininmu ma ya haɗa abubuwan nan a wuri guda, domin aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana yawan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane, ta hana gulma. Ki duba da kyau, a ranar nan duka ukun aka jera mini, ɗaya na bin ɗaya.

Kada kuma ki zaci ƙauyancinmu ne ya jawo. A ƙasashen Turawa abin ya fi haka nisa, don suna da kyamarar da ke auna fuskar duk wanda ya shigo, ta mayar da ita lissafi, ta gwada da fuskokin waɗanda aka taɓa zargi. A Amurka wani kamfanin kantunan magani, Rite Aid, ya yi amfani da irinta daga 2012 zuwa 2020. Ta riƙa nuna mutanen da ba su ji ba su gani ba, ma'aikata suna bin su suna bincike, har da wata yarinya 'yar shekara 11, kuma kuskuren ya fi yawa a unguwannin baƙar fata da 'yan Asiya. A watan Disamba 2023 hukumar kare masu sayayya ta ƙasar ta hana kamfanin amfani da ita har shekara biyar. In masu ƙera na'urar sun ga ya kamata a sa mata linzami, ina ga mu da saye kawai muke yi?

Mu ma nan muna da doka, sai dai yawancinmu ba mu sani ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. A watan Yuni 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, da hukuma mai suna NDPC da ake kai wa ƙara. Dokar ta ce abin da aka tattara game da mutum don wani dalili, kada a karkatar da shi ga wani dalilin daban, kada kuma a ajiye shi fiye da buƙata. Hoton fuskarki yana cikin wannan.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi shafar mu mata. Sau nawa ake turo mana bidiyo a WhatsApp ko TikTok, ga wata an kama ta da sabulu ko gwangwanin madara, an yaye mata hijabi ana ɗauka? Sau nawa muka yi dariya muka tura gaba? Ban ce sata daidai ba ce. A karɓi kayan, a kira iyayenta ko mai unguwa, in ta kama a kai ta gaban hukuma. Amma alƙali in ya yi hukunci yana da ranar ƙarewa, bidiyo kuwa ba shi da ita. Ranar da za a zo neman aurenta yana nan, ranar da 'ya'yanta za su girma yana nan. Sabulu guda, hukuncin rai da rai? Kuma wa ya tabbatar miki ba irin nawa aka yi mata ba?

Abin da na tsaya a kai ke nan. Mai kanti yana da haƙƙi a kan kayansa, ba shi da haƙƙi a kan mutuncina. Ya sa kyamararsa, amma ya rubuta a ƙofa mu sani. Ya kau da ita daga wurin gwada tufafi. Ya san wanda ke kallon allon, ya goge hoton in an kwana biyu ba a rasa komai ba. In bincike ya zama dole, mace ta binciki mace a bayan labule. Ke kuma in an tare ki, kada kunya ta rufe miki baki kamar yadda ta rufe nawa. Ki nuna rasit, ki nemi a kira mai kantin, ki ce sai a keɓe.

Ni dai yanzu duk bidiyon tonon asirin da ya shigo wayata, a nan yake kwana, ba ya wucewa gaba. Wanda ya rufa asirin wani, nasa yake rufawa. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.