Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha ga Mai Fita Waje da Kwamfuta

Ɗana, na sami labarin biza ta fito, tikiti ma ya zo hannu. Allah ya sanya albarka, ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Na san gida ya kacame da shiri: mahaifiyarka tana ƙulla maka yaji da kuka da daddawa, tela yana fama da ɗinki, kai kuma kana zagayen sallama da dangi. Cikin kayan nan duka akwai guda ɗaya da matasa ba su cika yi wa tanadi ba, sai daren tafiya su naɗe wayar caja su cusa a jaka. Kwamfutar tafi-da-gidanka nake nufi, wadda kuke kira laftof. Zauna in faɗa maka abin da na sani a kanta, kai da 'yar'uwarka da ita ma take shirin tafiya karatu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Fara da sanin abin da ka ɗauko. A ido ƙarfe ne da roba da gilashi, in ta lalace kuɗi za su sayo wata a Titin Beirut a Kano ko a kowace babbar kasuwa. Abin da ke cikinta kuwa babu kasuwar da ake sayar da shi: takardun karatunka, binciken da ka yi shekara kana rubutawa, hotunan iyali, lissafin kasuwanci, hanyar shiga asusunka na banki, da hirarrakin da ba ka so kowa ya gani. Ɗakinka ne ka naɗe ka rataya a kafaɗa za ka ratsa ƙasar mutane da shi. Duk abin da zan gaya maka daga nan ya taso.

Maganar wuta ita ce mai sauƙi, bari mu sallame ta. Juya cajarka ka duba ƙananan rubutun da ke bayanta. In ka ga an rubuta 100–240V, to hankalinka ya kwanta, za ta karɓi wutar kowace ƙasa: bolt 230 irin na Nijeriya da Turai, ko bolt 120 na Amurka da Kanada, ko bolt 100 na Japan. Yawancin cajar kwamfuta haka aka ƙera su. Abin da zai ba ka wahala shi ne bakin soket. Fulogi mai ƙafa uku masu faɗi da muka gada daga Ingila zai shiga bango a Ingila da Malesiya da Dubai da Saifurus da sababbin gine-ginen Saudiyya. A Masar da Turkiyya da Jamus da Faransa ramuka biyu ne masu zagaye, irin waɗanda 'yan'uwanmu na Yamai da Maraɗi suka saba da su. A Amurka ƙafafun sirara ne a miƙe. Sayi adafta mai kyau tun a gida, ka haɗa da wayar jona wuta mai baki huɗu, sai adafta ɗaya ta ɗauke maka kwamfuta da waya da sauran kayanka. Kada ka tura tsirarar waya cikin soket da tsinken ashana. Gobara a ɗakin haya a ƙasar da ba ka da kowa ba ƙaramar masifa ba ce. Kuma ka sani adafta siffar baki kawai take sauyawa, ba ta rage ƙarfin wuta ba ta ƙarawa, saboda haka dutsen guga da injin aski kowanne sai ka karanta nasa rubutun.

Sai jirgi. Kwamfutarka a jakar hannu take tafiya, tare da kai, a inda idonka yake ganinta. Akwatin da ka miƙa aka auna jifa ake yi da shi, a danne shi da wasu, wani lokaci ya sauka a wani gari kai kana wani. Ban da haka, batirin litiyom yana iya kamawa da wuta, shi ya sa dokar sufurin sama ta hana saka batirin ajiya da fawa-banki a cikin kayan da ke shiga ƙarƙashin jirgi. A jakar hannu ma akwai iyaka: wanda bai wuce 100Wh ba, ya halatta, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, abin da ya haura haka ba ya shiga. Mu da rashin wuta ya koya wa sayen manyan fawa-banki, wannan ta shafe mu. Mai 20,000mAh bai kai iyakar 100Wh ba, mai 30,000mAh ya wuce ta. Ka kuma cika batirin kwamfutar kafin ka bar gida, domin a wasu filayen jirgi, irin na Ingila, ana iya cewa ka kunna ta a gani, in ta ƙi tashi ba za ta shiga jirgi ba. Dokokin nan suna juyawa. A watan Maris na 2017 Amurka ta hana shiga jirgi da kwamfuta a hannu daga filayen jirgi 10, ciki har da Alƙahira da Jidda da Istambul da Dubai, ba ta janye ba sai a watan Yuli. Tambayi kamfanin jirginka a makon tafiya, tambaya ba ta ɓata matafiyi.

Yanzu ka ba ni kunnenka duka biyu. A filin jirgi, ko tun a gida, wani zai zo maka da fara'a ya ce ga kwamfuta ka kai wa ƙaninsa da ke karatu can. Zai kira sunan zumunci, zai ce ai ba nauyi. Ɗana, kada ka karɓi na'urar da ba ka san cikinta ba. Masu safarar ƙwaya suna ɓoye kayansu a cikin kayan lantarki, kuma a Saudiyya da Singafo da Indonesiya hukuncin safarar ƙwaya yana kaiwa ga kisa. Ba mu manta da ɗalibar nan ta Kano ba, wadda aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda jakar da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta yi halinta a 2019. Ita ko taɓa jakar ba ta yi ba, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? In ɗan'uwa na jini ne kuma ba makawa, to a buɗe a gabanka, a kunna, a ba ka rasit. In ya ji haushi, haushinsa zai huce. Kurkukun ƙasar waje ba ya hucewa da ban haƙuri.

Idan ka sauka, akwai abin da da yawa ba su sani ba. A bakin iyaka haƙƙin sirrinka yana raguwa. Jami'an kwastan na Amurka suna da ikon duba waya da kwamfutar matafiyi ba tare da takardar kotu ba, kuma baƙon da ya ƙi buɗewa ana iya hana shi shiga. A Niyu Zilan, tun 2018, wanda jami'i ya zarga da dalili ya nemi kalmar sirrinsa ya ƙi bayarwa, tara tana iya kaiwa dalar ƙasar 5,000. Ba kowa ake tsayarwa ba, amma babu wanda aka yi wa alkawarin ba za a tsayar da shi ba. Don haka ka zauna tun yanzu ka bi kwamfutarka ɗaki-ɗaki kamar mai sharar Sallah. Bidiyon yankan mutane da na 'yan ta'adda da ake turowa a zaurukan WhatsApp, waɗanda suke sauka da kansu ba ka ma kalla ba, share su. Jami'in da bai san Hausa ba, bai san halin da yankinmu yake ciki ba, ba zai tsaya sauraron cewa turo maka aka yi ba. Hotunan batsa, in akwai, kunya ce a gaban Allah kafin ta zama laifi a dokar ƙasashen Larabawa. Takardun wasu mutane, kwafin fasfo da bayanan banki da abokai suka ajiye a wurinka, mayar musu da abinsu, domin fasfo ɗinmu ya riga ya sha zargin damfara, kada ka ba mai zargi abin riƙewa. Ma'aunin mai sauƙi ne: abin da ba za ka iya buɗewa a gaban mahaifinka ba, kada ka tsallaka iyaka da shi.

Bayan shara sai ajiya. Duk abin da rashinsa zai sa ka kuka, yi masa kwafi biyu: ɗaya a ma'ajiyar waje ko filash da za ka bari a gida hannun amintacce, ɗaya a ma'ajiyar intanet irin su Google Drive ko OneDrive. Kwafin da ke cikin jaka ɗaya da kwamfuta ba ajiya ba ne, ɓarawo ɗaya ne zai kwashe su tare. Na ga ɗalibin da aka sace wa jaka saura 'yan makonni ya miƙa kundin digirinsa. Bai yi kukan kwamfutar ba, kukan shekara biyu ya yi. Sannan ka sa kalmar sirri mai ƙarfi, ba ranar haihuwarka ba, ka kunna makullin da ke rufe bayanai gaba ɗaya, BitLocker a Windows ko FileVault a Mac, ka rubuta lambar buɗe shi a takarda ka adana daban. Rubuta lambar jikin kwamfutar, ka riƙe rasit ɗin saye, za su yi maka amfani wurin 'yan sanda ko kwastan.

Ga wani tarko da ke kama masu wayo ma. Imel ɗinka da bankinka suna turo lambar tabbatarwa ta layin wayarka na gida. Ranar da ka buɗe kwamfuta a wata ƙasa, za su ga baƙon wuri su nemi lambar, layin kuwa ba ya kamawa, ko ka bar shi a aljihun tsohuwar riga. Sai ka wayi gari kuɗinka na nan amma hannunka ba ya kaiwa. Je ofishin kamfanin layinka a buɗe maka karɓar saƙo a waje, ka je banki ka sanar da su tafiyarka, ka ƙara hanya ta biyu ta tabbatarwa. Kada kuma ka bar layin ya mutu, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi ana ba wani, lambobin sirrinka su koma faɗawa wayar baƙo.

Intanet ma kowace ƙasa da tata ƙofar. A Sin an toshe Google da Gmail da YouTube da Facebook da WhatsApp, mutanen can WeChat suke amfani da shi. Mai zuwa Gwanzu sayayya ko karatu ya shirya yadda zai yi magana da gida tun kafin ya tashi. A Dubai saƙon WhatsApp yana tafiya, kiran murya da na bidiyo ba sa tafiya. Abokai za su ce maka ka sa VPN. Bincika dokar ƙasar tukuna, domin inda wani ya bi ya wuce wani a nan yake faɗawa. A Jamus, wanda ya sauke fim ta hanyar sata lauyoyi suna aiko masa da takardar neman ɗaruruwan yuro har gida. Manhajar da aka fasa aka zuba maka a shago kyauta ita ma ka cire ta, jami'o'i da yawa suna ba ɗalibansu ta halal. Abin da kake rubutawa a kan shugabanni ko addinin masu masaukinka, ka auna shi sau biyu. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma bizar da aka ba ka aro ce.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Kada ka shiga asusun banki da wayifai na kyauta a filin jirgi ko gidan shayi. Kada ka bar kwamfuta a kan tebur a ɗakin karatu ka tafi alwala, tsabtar gari ba ta hana shi ɓarayi. In ka shigo da ita daga tsananin sanyi zuwa ɗaki mai ɗumi, bar ta ta huta kafin ka kunna, saboda raɓar da ke taruwa a ciki. Gyara agogonta ya dace da na garin, Saudiyya tana gabanmu da awa 2, Malesiya da Sin da awa 7, kada jarrabawa ko lokacin miƙa aiki ya wuce ka. In za ka sayi sabuwa a can, duba jerin haruffanta, na Faransa ba irin na Ingila ba ne, ka kuma tambaya ko garantinta yana aiki a gida.

Ta ƙarshe ita ce ta fi damuna. Can babu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa da asuba, babu maƙwabcin da zai ce ya ga fitilarka a kunne har ƙarfe uku. Kaɗaici zai zo, kuma kwamfutar nan ce za ta zama abokiyar hirarka. Da ita wani ya rubuta kundin da ya ɗaga sunan gidansu, da irinta wani ya shiga caca da damfara aka maido shi da ankwa. Wata uwa adashenta ta kwashe, wani uba gona ya jinginar, kafin na'urar nan ta zo hannun ɗansu. Ka tuna da wannan duk sanda ka ɗaga murfinta. Yi karatunka da ita, kira mahaifiyarka da ita, in lokacin salla ya yi ka rufe ta.

Ɗana, ware yini guda cikin makon nan ka yi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kada ka bari sai an kira jirgi. Ka fita da kwamfuta mai tsabta, ka dawo da ilimi da mutuncinka cikakke. Allah ya tsare ka, ya tsare abin da ka ɗauka, ya yi maka albarka.